Warin Baki: Tambayoyin da Ake Jin Nauyin Yi da Amsoshinsu

Mai warin baki shi ne yakan zama na ƙarshen sani. Abokan hira su riƙa kauda kai, wani ya miƙo masa cingam, amma da wuya a samu mai fitowa fili ya faɗa masa. Wanda kuma ya gano da kansa, kunya kan hana shi zuwa asibiti, sai ya kama shan jiƙe-jiƙen wankin ciki. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kan wannan lalura.

Daga ina warin yake tasowa, daga baki ko daga ciki?

Daga baki, a mafi yawan lokaci. A cikin mutum goma masu fama da shi, takwas zuwa tara a bakinsu tushen abin yake. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ba sa son iska, don haka suke ɓuya a can ƙuryar harshe, da tsakanin haƙora, da ƙarƙashin dasashi. Abincinsu shi ne ɓurɓushin nama da kifi da madara, da matacciyar fatar cikin baki, da majinar da ke gangarowa daga hanci, har da jini idan dasashi yana tsatstsafo da shi. In suka ruɓar da waɗannan abubuwa, sai su saki iska mai sinadarin farar wuta. Ɗaya daga cikin irin wannan iska ita ce dai wadda ke sa baragurbin ƙwai wari.

Shi kuwa bututun da ke kai abinci ciki, a tsuke yake kusan kowane lokaci. Ba ya buɗewa sai wajen haɗiya, ko gyatsa, ko amai. Numfashin da kake fitarwa daga huhu yake zuwa, ya biyo ta kan harshe ya kwaso abin da ya tarar. Shi ya sa mutum zai shekara yana wanke ciki, wari bai ko gezau ba.

To yaya zan gane ina da shi, tunda ni ba na ji?

Hanci yana sabawa da warin da yake tare da shi dare da rana, har ya daina jinsa. Busa iska a tafin hannu a shinshina ba ya nuna komai. Abin da ya fi shi ne ka ɗauki cokali mai tsabta ka ɗan karto bayan harshenka, ka bar abin da ya fito ya sha iska kaɗan, sannan ka shinshina. Ko ka sa zaren sakace, wato siririn zaren da aka yi musamman don share tsakanin haƙora, a tsakanin turamen haƙoranka ka ji warin zaren. Amma duk waɗannan ba su kai tambayar mutumin da ba zai ɓoye maka ba: mata, miji, ɗan uwa, ko amini. Ka tambaye shi a lokuta daban-daban, ba da asuba kaɗai ba, domin da asuba kusan kowa yana da nasa.

Ina goge baki safe da dare, amma warin yana nan. Me ya rage?

Yawanci abu biyu ne: harshe da tsakanin haƙora.

Saman harshe ba sumul yake ba, cike yake da ƙananan ƙuraje da ramuka, kuma can baya wajen maƙogwaro yawu ba ya wanke shi sosai. Ka tsaya gaban madubi ka zaro harshe. Idan ka ga fari-fari ko rawaya-rawaya ya lulluɓe bayansa, to ga gidan warin nan. Ana sayar da ɗan abin kankare harshe na roba ko na ƙarfe a manyan kantunan magani, in babu shi buroshi mai laushi ko gefen cokali ya wadatar. A fara daga baya a jawo gaba, a hankali, a ɗauraye, a maimaita sau kaɗan. Sau ɗaya a rana ya isa. Masu jin yunƙurin amai su riƙa yi suna fitar da numfashi, da sannu za su saba. Kada a kankare har ya yi ja ko jini, rauni a harshe ƙarin abinci ne ga ƙwayoyin.

Tsakanin haƙora kuwa, gashin buroshi ba ya shiga can. Zaren naman tsire ko kilishi da ya maƙale tun daren jiya yana nan yana ruɓewa, ko da an goge baki sau uku. Tsinken sakace yana fitar da manyan, amma ba ya kwashe dauɗar da ta manne a gefen haƙori, kuma masu sakace da tsinken tsintsiya ko allura ko kan ashana suna huda dasashinsu ne kawai. Zaren sakace shi ne aikinsa, sau ɗaya a rana, an fi so kafin kwanciya.

Sai kuma yadda ake gogewar. Minti biyu ake bukata, da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, ana karkata buroshi wajen da haƙori ya haɗu da dasashi. Da yawanmu kafin a ƙirga talatin mun tofar mun wuce. Buroshin da gashinsa ya baje ya gama aiki, a canza shi duk bayan kamar wata uku.

Dasashina yana jini idan na goge. Yana da alaƙa da warin?

Ƙwarai kuwa. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi. Jinin alama ce ta kumburi, sakamakon dauɗar da ta taru a gindin haƙora. In aka bar ta, takan daskare ta yi kanta, ta zama kamar dutse mai launin rawaya ko baƙi, wadda babu buroshi ko asuwakin da zai iya cire ta. Daga nan dasashi ya fara rabuwa da haƙori, a samu ramuka masu zurfi inda ƙwayoyin cuta ke zama, wani lokaci har da ruwan mugunya. Warin wannan mataki ya fi na harshe ƙarfi, ƙarshensa kuma girgiɗin haƙora da zubewarsu.

Kuskuren da ake yi shi ne a daina goge wurin da ke jini. A ci gaba da gogewa a hankali, sannan a je wurin likitan haƙori a yi wankin haƙori da na'ura. Akwai masu cewa wankin asibiti yana sa haƙori rauni ko ya buɗe giɓi. Abin da ke faruwa shi ne kantar ce ta cike giɓin da cutar ta riga ta yi, da aka kwashe ta sai ya bayyana. Ɗan tsamin haƙori da ake ji bayan wankin yakan wuce cikin kwanaki.

Mata masu juna biyu sun fi saurin samun kumburin dasashi saboda sauyin sinadaran jiki, kuma ciki ba ya hana zuwa wurin likitan haƙori. Haka masu ciwon sukari, cutar dasashi ta fi kama su ta kuma fi yi musu tsanani.

Wasu maɓoyan da ake mantawa da su: kogon haƙori, haƙorin ƙarshe na can ƙurya da ya fito rabi dasashi ya rufe rabi, haƙoran roba da ake kwana da su a baki ba a wanke ba, da haƙorin Makka da bai zauna daram ba, abinci yana shiga ta ƙarƙashinsa.

Asuwaki ya fi ko buroshi?

Asuwaki sunna ce, kuma yana aiki. Icen arak da alhazai ke kawowa tsaraba, da reshen darbejiya da ake karya a ƙofar gida, dukansu suna kwashe dauɗa in an iya amfani da su. Matsalar ita ce da yawa tauna shi kawai suke yi suna yawo da shi a gefen baki, ko su goge haƙoran gaba da ake gani su bar na ciki. Asuwaki yana wuyar kaiwa bayan turame, ba shi kuma da isasshen fuloraid mai kare haƙori daga ruɓewa. A ganina babu dalilin zaɓen ɗaya a bar ɗaya: buroshi da safe da kuma daren kwanciya, asuwaki lokutan sallah. A riƙa yanke kan da ya tsufa, kada kuma a jefa shi aljihu tare da kuɗi da makullai.

Me ya sa baki ke wari da safe da kuma lokacin azumi?

Yawu ne ke wanke baki, yana kuma ɗauke da iskar da waɗannan ƙwayoyin ba sa so. In mutum ya yi barci yawu yakan ragu sosai, sai su samu sarari. Mai minshari ko mai kwana baki buɗe nasa ya fi yawa, haka ma lokacin hunturu da ƙura ke toshe hanci, iska kuma a bushe. Irin wannan wari ba cuta ba ne, da an goge baki an karya kumallo yake tafiya.

Azumi ma haka ne: ba ci, ba sha, ba tauna, yawu ya yi ƙaranci. Idan yunwa ta yi nisa kuma jiki yakan koma ƙona kitse, wannan ma yana da nasa warin da ke fita ta numfashi. Hadisi ya tabbata cewa warin bakin mai azumi ya fi ƙamshin almiski a wurin Allah, amma wannan bai zama hujjar barin baki da dauɗar sahur ba. A goge baki da harshe bayan sahur kafin alfijir, a sha ruwa isasshe tsakanin buɗa baki da sahur, a rage tafarnuwa da ɗanyar albasa a abincin asuba. A mazhabar Malikiyya asuwaki halal ne ga mai azumi duk tsawon yini, an dai fi son busasshe a kan ɗanye.

Bushewar baki kan zo kuma daga magunguna: irin su Piriton da sauran magungunan mura, wasu na hawan jini masu sa yawan fitsari, wasu na damuwa da rashin barci, da taramol da kodin. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina da kansa, ya koma ya yi masa bayani.

Tafarnuwa da albasa fa? Na goge baki amma suna nan har washegari.

Saboda warinsu ba a baki kaɗai ya tsaya ba. Bayan an narkar da tafarnuwa, wani sinadarinta yana shiga jini, ya bi ta huhu ya fito a numfashi, har ma ta gumi. Yakan kai yini guda ko fiye, kuma buroshi ba ya kaiwa huhu. Madara, tuffa da ɗanyen ganyen na'ana'a suna rage shi in an haɗa da abincin, amma lokaci ne kaɗai ke kawar da shi. Tun zamanin Annabi (SAW) aka hana wanda ya ci ɗanyarsu kusantar masallaci saboda cutar da jama'a.

Taba sigari da shisha sun fi su illa nesa ba kusa ba: ga warin kansu, ga busar da baki, ga lalata dasashi, ga rage wa mai sha jin wari yadda ba zai san halin da yake ciki ba. Goro kuwa ɓurɓushinsa kan maƙale a tsakanin haƙora ya kuma rina su, sai a riƙa kurkure baki bayan ci.

Ina da olsa. Ba ita ce ba?

Tana iya taka rawa, sai dai ba kamar yadda ake zato ba. Mai ƙwannafi, wanda ruwan ciki mai tsami ke taso masa har maƙogwaro, yakan ji ɗaci ko tsami a baki, gyatsarsa kuma tana wari. Ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, wadda likitoci ke kira H. pylori, an danganta ta da warin baki a wasu mutane, ana kuma gano ta da gwaji a asibiti, a kashe ta da magani. Duk da haka, ko mai olsa ya fara da duba harshensa da dasashinsa. Da yawa suna da olsar, amma warin nasu daga kogon haƙori yake. Basir kuwa, da ake ɗora wa kusan kowace cuta, ba shi da hanyar da zai sa baki wari.

Wasu fararen abubuwa masu mugun wari suna fitowa daga maƙogwarona. Mene ne su?

A gefe da gefen maƙogwaro akwai tsoka biyu da ake kira tonsil, masu ƙananan ramuka. Ɓurɓushin abinci da majina kan taru a ciki su dunƙule kamar tsakin shinkafa. Ba su da haɗari, amma suna wari sosai. Kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri mai ɗumi yakan fitar da su. Kada a zaƙule su da tsinke, kada kuma a kai wa wanzami ya yanke beli, domin ba a nan matsalar take ba. In suna yawan dawowa tare da ciwon wuya, a ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Shi ne kuma zai duba mai daɗaɗɗiyar mura, wanda majina mai kauri ke gangara masa ta baya, musamman in warin ta hanci ya fi fita.

Ruwan kurkure baki, kanumfari, minti, gawayi: wanne ke magani?

Kanumfari, citta, na'ana'a da minti suna rufe wari na ɗan lokaci, kamar a fesa turare a bakin kwatar da ba a yashe ba. Ba laifi a tauna kanumfari kafin shiga taro, amma ba magani ba ne. Alawar minti mai sukari ma ƙara ruɓar da haƙori take yi. Cingam marar sukari ya fi, domin tauna tana kawo yawu.

Ruwan kurkure baki iri-iri ne. Masu ɗauke da sinadarin zinc ko cetylpyridinium suna rage wari da gaske, a karanta jikin kwalba. Chlorhexidine ya fi su ƙarfi, amma yana rina haƙora da harshe ya kuma dagula ɗanɗano, don haka na ɗan lokaci ne, kamar mako biyu, bisa shawarar likita. Kowanne daga cikinsu ƙari ne a kan gogewa, ba madadinta ba.

Gawayi, toka, da garin gishiri suna kankare rufin haƙori, haka ma lemon tsami da ake ta yayatawa a Facebook da TikTok don farin haƙori. Rufin nan in ya tafi ba ya dawowa. Sai masu zuwa kemis su sayi Flagyl: warin yakan lafa na 'yan kwanaki saboda maganin yana kashe irin waɗannan ƙwayoyi, ya dawo da zarar an daina, tunda maɓoyarsu tana nan. Abin da aka ci riba kawai shi ne koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Yarona ƙarami ne bakinsa ke wari. In damu?

Yawanci rashin gogewa ne, ko kogon haƙori saboda alawa, ko mura. Yaro bai iya goge bakinsa da kyau shi kaɗai ba sai ya kai kamar shekara 7, kafin nan ke za ki riƙa yi masa ko ki tsaya a kansa. Idan kuma kika ga majina mai wari tana fita ta ƙofar hanci ɗaya kawai, ki yi zargin ya cusa wani abu, ƙwayar gyaɗa ko dutsen ado ko guntun katifa. Kada ki zaƙula, ki kai shi asibiti.

Akwai wanda ba ya jiran gobe. Yaro mai shekara 2 zuwa 6, ramamme, musamman wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, in bakinsa ya fara mugun wari, dasashi na jini ko ya yi gyambo, yawu na dalala, kunci ya kumbura, to ana tsoron cutar noma mai zaizaye baki da fuska. Cikin 'yan kwanaki takan huda kunci, kuma in ba a yi magani ba tana kashe kusan tara cikin goma na yaran da ta kama. A matakin farko kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Ba iska ba ce, ba sammu ba. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Amma ba sai an kai Sakkwato ba, asibiti mafi kusa za a fara garzayawa a ranar.

Yaushe warin baki ke nuna wata babbar cuta?

Ba kasafai ba, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Mai ciwon sukari da numfashinsa ya koma ƙamshi-ƙamshin 'ya'yan itace ko na ruwan goge farce, ga ƙishirwa, ga amai, ga galabaita, a kai shi asibiti nan take. Ƙodar da ta gaza takan sa numfashi zarnin fitsari, hantar da ta lalace ma tana da nata wari, tare da rawayar ido da kumburin ciki. Tari da ya wuce mako biyu da kaki mai wari yana bukatar a duba huhu. Gyambo a baki ko harshe da ya kai mako uku bai warke ba, a nuna wa likita, musamman in mai shi yana shan taba.

Likita ya ce bakina ba ya wari, iyalina ma haka, amma ni na tabbata yana yi.

Wannan ma lalura ce da likitoci suka sani. Mutum ya ga wani ya sosa hanci ko ya ja baya, sai ya ɗauka saboda shi ne, har ya daina magana a cikin jama'a, ya riƙa goge baki sau barkatai yana ji wa dasashinsa ciwo. In likitan haƙori da mutum biyu da ka amince da su sun ce babu, to damuwar ce ke bukatar magani, kuma ganin likitan da ke kula da damuwa ba abin kunya ba ne.

Mijina ne ke da shi. Yaya zan faɗa masa ba tare da ya ji haushi ba?

Ku kaɗai, ba a gaban yara ba, ba kuma a tsakiyar faɗa ba, domin a lokacin gori zai ɗauke shi. Ki kawo maganar ta fuskar lafiya: "Maigida, kwana biyu ina jin kamar bakinka ya canza, ko wani haƙori ne ke damunka? Da ka je an duba." Ki sayo buroshi da zaren sakace na ku biyu. Miji ma haka zai yi wa matarsa, aboki ga abokinsa. Zai ji nauyi a ranar, amma gara ya ji daga bakinki da ya tsinci zancen a majalisa.

Tsawon wane lokaci zan jira kafin in ga canji?

In harshe ne da tsakanin haƙora, cikin 'yan kwanaki na kusa da kai za su ji bambanci. Ka ba shi mako biyu kana goge haƙora da harshe, kana sakace da zare, kana shan ruwa. In bai tafi ba, sai wurin likitan haƙori, akwai su a asibitocin koyarwa da yawancin manyan asibitocin jiha. Ranar zuwa kada ka tauna cingam ko kanumfari, kada ka kurkure da ruwan ƙamshi ko ka shafa turare, don likita ya ji warin yadda yake. Ka tafi da magungunan da kake sha ko kwalayensu. In ya duba bai ga komai a baki ba, shi zai tura ka wurin likitan hanci da maƙogwaro ko na ciki.